MURJANI: DUTSE NE, ITACE NE, KO DABBA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyarmu, tsohon malamin lakwal, ya yi a taron bayan Sallah a nan Dungas. Mun buga shi saboda ƴan uwa da ke ci-rani waɗanda ba su samu halarta ba.)



Da shugaban ƙungiya ya ce in yi magana yau, na ce masa a kan murjani zan yi. Sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, mu da ko kogi ba mu da shi sai tapki, ina ruwanmu da abin teku?" Na ce masa ya yi haƙuri ya ji dalili.

Marigayiya tsohuwarmu tana da murjani zare biyu, gadon uwarta. Ba ta sa shi sai ran Sallah ko ran buki. In ta cire sai ta naɗe shi cikin tsumma, ta jefa cikin ƙwarya, ta rufe da faifai. A shekarar 1984, yunwar nan da muke ce wa El-Buhari, da rumbu ya ƙare aka sayar da awaki, sai ta ɗauko shi ta ba wani ɗan koli a ranar kasuwa. Abin da aka ba ta bai ciyar da gidanmu wata guda ba. Ba ta yi kuka ba, amma har ta rasu in ta ga murjani a wuyan amarya sai ta kau da kai. Ni kuwa ina saurayi a lokacin, na tambaye ta, "Inna, shi murjanin nan daga ina yake fitowa?" Ta ce, "Larabawa ke kawo shi, an ce itacen cikin teku ne." Tun ran nan nake bin maganar, a littafi da bakin waɗanda suka sani. Abin da na samu shi zan gaya muku, don na tabbata akwai sauran irin wannan zare a wasu ɗakunan garin nan, kuma masu shi ba su san abin da ke hannunsu ba.

ABIN DA YAKE

Ba tsohuwarmu kaɗai ta ɗauka itace ne ba. Turawa masu ilmi ma haka suka ɗauka har ɗaruruwan shekaru, don kuwa yana da reshe, yana da gindi, kuma in an bar shi cikin ruwa sai a ga wasu abubuwa farare sun buɗe a jikinsa kamar fure. Sai wajen 1725 wani likita mutumin Marsai ta ƙasar Faransa, mai suna Peyssonnel, ya riƙa bin masuntan murjani a gaɓar Aljeriya. Ya sa reshen a cikin kasko da ruwan teku, ya zauna yana kallo. Ya ga in ya taɓa furen nan sai ya janye ya shige rami, in an ƙyale shi sai ya sake fitowa yana motsi. Ya ce wannan ba fure ba ne, dabba ce. Manyan masana na Faris suka ƙi yarda. Sai da aka yi shekaru da dama kafin maganarsa ta karɓu.

To, ga yadda dabbar take. Ƙarama ce ƙwarai, yawanci ba ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba. Jikinta kamar ɗan buhu ne, gindinsa a manne da dutse, bakinsa a sama. Kewaye da bakin akwai ƴan yatsu masu laushi, a jikinsu akwai ƴan kibau masu dafi da ido ba ya gani. In dare ya yi sai ta miƙa yatsun nan, duk ƙaramin ƙwaron ruwa da ya gifta ta harbe shi ta kai baki. Ba ta da kai, ba ta da ido, ba ta tafiya ko'ina. Inda ta zauna tun tana ƙarama, nan za ta mutu.

Abin mamakinta shi ne gini. Ruwan teku yana ɗauke da sinadarin alli a narke. Ita kuwa Allah ya hore mata ta tsotse shi ta mai da shi dutse a ƙarƙashinta, ta yi ɗan gurbi da take shigewa in ta ji tsoro. Irin abin da ke cikin ɓawon ƙwai ne, da ƙwanson katantanwa, da wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Sa'an nan ba ita kaɗai take zama ba. Guda ɗaya takan tsiro da wata a gefenta, kamar yadda gero ke ƴaƴa a gindi, wannan ma ta tsiro da wata, har su zama dubbai, duk fata ɗaya ta haɗa su, abincin da ɗaya ta samu yana kaiwa ga maƙwabta. Duk wanda ya san suri ya fahimci rabin maganar. Gara guda ba ta isa komai ba, amma ga suri ya fi mutum tsawo. Bambancin kawai, su masu murjani a bayan ginin suke zaune, ba cikinsa ba. Fatar sama ita ce mai rai, abin da ke ƙasa duk aikin waɗanda suka riga su ne.

MANOMI DA MAKIYAYI

Murjani iri-iri ne, amma kashi biyu suka shafe mu: ja wanda matanmu ke sawa, da kuma mai gina tuddai cikin teku. Bari in fara da na biyun.

Ɗan abin da yake kamawa da dare ba zai ishe shi ya yi babban gini ba. Asirinsa shi ne yana da baƙo a cikin jikinsa. Kun san gansakuka, koren abin nan da ke kwanciya kan ruwan tapki. To akwai wata irinta ƙarama ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinta, tana zaune cikin naman dabbar nan, miliyoyi. Ita gansakukar, kamar kowane tsiro, da hasken rana take haɗa abinci. Abin da ta haɗa sai ta ba mai gida mafi yawansa, har masana sun ce wani lokaci kashi 90 cikin 100 na abincinsa daga gare ta yake fitowa. Shi kuma ya ba ta mafaka, dattin jikinsa ya zama takinta.

Dattawa, wannan ai ba baƙon abu ba ne gare ku. Shi ne zaman manomi da Bafillace a da. Bayan girbi makiyayi ya sauka a gonarka, shanu su ci kara da harawa, su bar maka taki, badi gero ya yi kyau. Kowa ya samu, ba wanda ya ci da zuci. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Saboda baƙon nan ne murjani mai gini yake da sharuɗɗa. Sai ruwa marar zurfi inda rana ke kaiwa, yawanci bai wuce mita 50 ba, wato kusan gaba 28 a lissafin masu haƙar rijiya. Sai ruwa garau marar laka. Sai mai gishiri sosai. Sai mai ɗumi, tsakanin digiri 23 zuwa 29 ya fi so. Ga amsa ga ƴan uwanmu na Legas da Kwatano da Abijan, waɗanda za su ce sun yi shekaru a bakin teku ba su taɓa ganin abin da nake faɗa ba. Gaskiyarku. A gaɓar Afirka ta Yamma babu manyan tuddan murjani, don kogin Kwara da sauran koguna suna zuba laka da ruwan daɗi, kuma a wasu watanni ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku.

YADDA TUDU KE TASHI

Ban da tsiro a gefe, suna hayayyafa ta ƙwai. A wasu tekuna, sau ɗaya a shekara, ƴan kwanaki bayan wata ya cika, sai su saki ƙwai duka a dare ɗaya, har ruwa ya canja launi. Daga ƙwan sai wani ɗan abu kamar tsutsa ya fito, ya yi ta yawo cikin ruwa kwanaki. Mafi yawa kifi ke cinyewa. Wanda ya tsira, in ya samu dutse mai tsabta sai ya manne, ya fara gini.

Ginin ba ya sauri. Mai rassa yakan ƙaru da santimita 10 a shekara in ya ji daɗi, wato faɗin tafin hannu. Mai kama da dunƙulen dutse kuwa santimita 1 ko 2 ne, faɗin yatsa. In igiyar ruwa ta karya wani, ko kifi ya gurgure shi ya zama rairayi, gutsattsarin sai su cike ramuka, wata irin gansakuka mai tauri ta liƙe su kamar siminti, sababbi su hau kai. Haka ake yi, zuriya kan zuriya, dubban shekaru.

Wani Bature mutumin Ingila, Charles Darwin, ya zaga duniya a jirgin ruwa, a 1842 ya fitar da littafi kan wannan al'amari. Ya ce tuddan iri uku ne: wanda ke manne da gaɓa, da wanda ya yi nesa da gaɓa kamar ganuwa da ruwa a tsakani, da wanda ya yi zobe a tsakiyar teku ba ƙasa a cikinsa sai ruwa. Ya ce ukun nan abu ɗaya ne, shekaru suka bambanta su. Dutse mai aman wuta ya taso daga teku ya zama tsibiri, murjani ya kewaye shi. Sannu a hankali dutsen yana nutsewa, murjani kuwa yana ta hawa sama don ya bi haske. Ƙarshe dutsen ya ɓace, zobe ya rage. Aka yi ta gardama, har ya mutu ba a tabbatar ba. Sai a 1952 Amurkawa suka haƙa rami a wani zobe da ake kira Eniwetok a tekun Pasifik. Suka yi ta haƙa cikin dutsen alli na halittun teku har mita 1,400, kana suka tarar da baƙin dutsen wuta a ƙasa. Dabbar da ba ta gini sai kusa da saman ruwa, ga aikinta a wannan zurfi. Maganar Darwin ta tabbata bayan shekara 110.

Mafi girman waɗannan ganuwowi tana gabashin Ostareliya, tsawonta kilomita 2,300. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, to ka je ka dawo ba ka kai tsawonta ba.

ALHAZANMU SUN TAKA SHI

Kada ku ce duk wannan labarin nesa ne. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka bi ta Cadi da Sudan shekara da shekaru, a Sawakin suke shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya. Gidajen tsohon garin Sawakin da tubalin murjani aka gina su, wanda aka sassaƙo daga teku. Tsofaffin benayen Jidda ma haka, unguwar da ake ce wa Balad, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Mashigar Sawakin ƙunci gare ta saboda tuddan murjani, manyan jirage ba sa iya shiga, shi ya sa Ingilishi suka gina sabuwar tasha a Bur Sudan aka buɗe ta a 1909. Ni da na je aikin hajji ta sama, da jirgi ya sunkuyo zai sauka Jidda na leƙa ta taga, na ga ruwan bakin gaɓa kore-kore da fari-fari, can gaba kuma shuɗi mai duhu. Koren nan tuddan murjani ne.

Ko a ƙasarmu akwai alamar teku. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, da na Kalambaina kusa da Sakkwato, farin dutse ne da ya taru daga ƙwanson halittun wani teku da ya taɓa rufe yankin nan miliyoyin shekaru da suka wuce. Har yau ana tsintar ƙwansonsu a duwatsun ƙasar Tawa.

JAN MURJANI NA IYAYENMU

Yanzu mu komo kan zaren tsohuwarmu. Shi ja ɗan uwan wancan ne, amma halinsu daban. Ba shi da baƙuwar gansakuka, ba ya son rana, ba ya gina tudu. A Bahar Rum yake, a bakin kogunan dutse da wurare masu duhu, daga mita 10 har zuwa ɗaruruwa. Ɗan ƙaramin reshe ne, dabbobin jikinsa farare masu yatsu takwas-takwas, ƙashin cikinsa ja wur, mai tauri, mai karɓar gogewa. Shi ake yankawa a huda a yi tsakiya. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, marjan, kuma malamai sun san ya zo sau biyu a cikin Suratur Rahman.

Ana ciro shi a gaɓar Tunusiya da Aljeriya da Italiya, wani gari kuwa kusa da Nafoli, Torre del Greco, ya yi suna wajen sassaƙa shi. Daga Tarabulus ayari ya ɗauko shi ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauke a Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu, kana ya wuce Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanyar hamada ta mutu, kaya suka koma zuwa ta kudu. Amma ku sani, ko a wancan zamani ba duk jan dutsen wuya ne murjani ba, akwai na ƙarau da ake yi a Turai don ya yi kama da shi.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Kaurin reshen jan murjani yawanci ba ya ƙaruwa da ko rabin milimita a shekara. Kafin ya kai kaurin alƙalamin karan da almajiri ke rubutu da shi, sai ya shekara wajen 30. Ashe kowace ƙwaya babba a zaren tsohuwarmu ta girmi ɗan kolin da ya saye ta. Kuma saboda an yi ta jan ƙarfe da raga a ƙasan teku ana kakkarya shi, manyan rassa sun yi wuya. Tarayyar Turai ta hana wannan jan ƙarfe a 1994, daga baya ƙasashen Bahar Rum suka hana ciro shi a ruwan da bai kai zurfin mita 50 ba, suka hana yanke wanda kaurinsa bai kai milimita 7 ba. Tsohon murjani mai manyan ƙwayoyi, irinsa ba ya samuwa da sauƙi yanzu.

ZAFI

Na ce ku riƙe misalin manomi da makiyayi. In ruwan teku ya ƙara zafi da digiri 1 kacal bisa abin da aka saba a bazara, ya kuma daɗe haka makonni, sai zaman ya ɓaci. Gansakukar ta fara fitar da abin da ke cutar da mai gida, shi kuma ya kore ta. Da ita launinsa yake, don haka sai ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri baƙuwar takan dawo. In bai huce ba ya mutu, kuma tudun da ya lalace yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya farfaɗo.

Wannan farin ya game tekunan duniya a 1998, ya sake a 2010, ya sake daga 2014 zuwa 2017, ya kuma dawo a 2023, wanda ya fi na baya duka faɗi. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2021 ya nuna daga 2009 zuwa 2018 duniya ta yi asarar kashi 14 cikin 100 na murjaninta. Tuddan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku a cikinsu suke fakewa, miliyoyin talakawa masunta da su suke ci, kuma su ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gidajen bakin gaɓa. Dalilin zafin kuwa hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas ne da ke taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Shi ne dai zafin da ku dattawa kuke cewa bazarar yanzu ta fi ta ƙuruciyarku. Masuncin Bahar Maliya da manomin Dungas, ba su ne suka hura wutar ba, amma su take fara ƙonawa.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na farko, iyayenmu mata, wadda ke da tsohon murjani kada ta yi gaggawar rabuwa da shi, kuma in dole ta sa, a nuna wa mutum biyu ko uku da suka san shi kafin a yi ciniki. Na gaske yana da sanyi a hannu, yana da ɗan nauyi, in ka duba da kyau za ka ga siraran layuka a jikinsa, ƙwayoyin kuma ba su zama daidai wa daida. Na roba ba shi da nauyi, allura mai zafi tana shigarsa. Na ƙarau yana da ƙyalli da yawa, wani lokaci da ƴan kumfa a ciki. Akwai kuma farin murjani na wani teku da ake rinawa ja, shi in an goga da auduga da ruwan goge farce sai launi ya fita. Samari masu haɗa lefe a Kano da Legas, ku lura da wannan.

Na biyu, tunda alli ne, tsami yana cinsa. Kada lemun tsami ko ruwan tsamiya ya taɓa shi, kada a fesa masa turare, kada a wanke shi da omo. A goge gumi da tsumma mai laushi a ajiye, kamar yadda tsofaffi ke yi.

Na uku ya shafi ƙungiyarmu. Abin da ya raba tsohuwarmu da gadonta, ba ta da inda za ta ranci hatsi ne. Ajiyar hatsin da muka yi ta magana a kanta don lokacin da rumbu ya ƙare, har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba, don wasunmu suna raina abin da za su iya bayarwa, suna jiran ranar da za su kawo mai yawa. Kun dai ji girman dabbar da ta gina ganuwar Ostareliya. Mai tiya ɗaya ya kawo tiya ɗaya, mai jikka ya aiko da jikka, amma kowace kaka, ba fashi. Ma'aji yana nan da littafinsa bayan an tashi.

Inda na yi kuskure malamai su gyara mini. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gidajensu lafiya.